Sunanki a Zauren Mahaifina

Stratford, Landan
Litinin, 10 ga Nuwamba, 1975

Zuwa ga Chundung 'yar Dalyop,

Sanyin idona, hasken safiya a garin da rana take rowa, ruwan dutsen Riyom da ba ya gurɓata, furen da ya fito a tsakiyar shingen ƙerana, mai tattausan hannu da kaifin harshe, sarauniyar da ta kore ni daga fadarta kuma ta yi daidai! Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi, wanda ya cire takalmi a bakin ƙofa bai san ko za a ce masa ya shigo ba.

Yau kwana ashirin da uku rabona da ganinki, kuma kwana ashirin da uku ke nan ban zauna wuri ɗaya ba. In na shiga ɗakin karatu sai in ji kujera tana cizona. In na dawo gida sai ɗakin ya yi mini kaɗan. Ranar Laraba na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda yake zagayawa ya dawo inda ya taso, na zagaya da shi sau biyu ina kallon fuskata a gilashi, ina jin haushinta. Na buga waya gidan kwananku na ma'aikatan jinya har Baturiyar da take ɗauka ta haddace muryata. Yanzu kafin in gama sallama take cewa ba kya nan. Ya Chundung, har yaushe? Ko kin san mutum zai iya dafa shayi sau huɗu a wuni ɗaya bai sha ko kurɓi ba?

Ban rubuto don in kare kaina ba. Akwai abin da nake so in roƙa, kuma ranar Asabar ɗin nan ake bukatar amsarsa. Amma ba ni da fuskar roƙo sai na fara faɗin abin da na yi, daga tushe, ba tare da na rage komai ba.

Kin tuna sanyin farko da na yi a ƙasar nan? An kwantar da ni a asibitinku na Whitechapel, ƙirjina ya cika da ruwa, zazzaɓi ya kwashe mini Turancin da gwamnati ta turo ni da shi, ina ta neman ruwa da Hausa a cikin ɗakin da babu mai ji. Sai na ji murya a kaina ta ce, "Sannu, Malam. Da zafi za ka sha ko da sanyi?" Wallahi na zaci na mutu an mayar da ni Zariya! Na buɗe ido na ga farar hula, na ga baƙar fuska mai sheƙi, na ga ido biyu suna yi mini dariya. Tun daga ranar ban warke daga gare ki ba, kuma ban nemi magani ba.

A watannin da suka biyo, kin sha yi mini tsiya a kan karatuna. Kin ce 'yan ƙasarmu sun cika Landan suna sayen rediyo da takalma da kuɗin mai, wasu suna koyon gina gada, wasu suna koyon tuƙa jirgi, ni kuwa ɗan malamin Zariya na zo na maƙale wa Yahudawan da suka mutu shekara dubu da ɗari biyar da suka wuce. Ba ki taɓa bari na ƙarasa bayani ba, kullum sai ki toshe mini baki da lemo. To yau ba ki da lemo a kusa, sai ki yi haƙuri ki karanta, domin laifina yana cikin bayanin.

Malaman Yahudawa na dā sun bar tarin littattafai na shari'a da muhawara, manya-manya, kowanne sai da hannu biyu ake ɗauka. A cikinsu akwai wurare 'yan kaɗan inda aka ambaci wani mutum mai suna Yeshu, kuma ba da alheri aka ambace shi ba. Tambayar da ta cinye mini shekara uku ita ce: shin wannan mutum shi ne wanda mu muke kira Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ku kuma kuke kira Yesu Almasihu, ko kuwa wani ne dabam da suka yi suna ɗaya? A wani wurin an ce an rataye shi a jajibirin idinsu na Ƙetarewa, wannan ya yi kama da labarinku. A wani wurin kuma an sa shi a zamanin wani sarki da ya mutu kusan shekara saba'in kafin a haifi ɗan Maryam. An ba shi almajirai biyar, ku kuwa goma sha biyu kuka sani. Sunan kuma a ƙasarsu kamar Musa ne a kasuwar Sabon Gari, in ka kira mutum goma za su waiwayo.

Kowa yana da amsar da yake so in bayar. Abokaina na masallaci sun ce kada in kuskura in ce shi ne, domin mu a wurinmu ba a kashe shi ba, kuma kalmomin da ke wurin ba su dace da Annabi ba. Malam Zelig, tsohon Bayahuden nan mai ɗinkin littattafai a bayan kasuwar Whitechapel, wanda yake karantar da ni duk Lahadi, shi ma ya fi son in ce ba shi ba ne. Ya gaya mini cewa shekara ɗari bakwai da suka wuce, a ƙasar Faransa, an tara malamansu a gaban masu mulki aka yi musu wannan tambayar. Suka ce wani Yeshu ne dabam. Ba a yarda ba, aka loda littattafansu amalanke fiye da ashirin aka cinna musu wuta. Yayanki Haggai kuwa, da yake karatun fasto yake yi, so yake in ce shi ne, don ya samu shaida daga bakin waɗanda ba su ƙaunarsa cewa lallai an kashe shi. Ni kuma na tsaya a tsakiya ina cewa ban tabbata ba. Ina alfahari da wannan kalma, Chundung. Na ɗauka ita ce ado na malami.

Yanzu ga inda na ɓata. Bara, da kika rubuta wa mahaifinki labarina, ba ki ɓoye komai ba. Kin ce sunansa Zailani, Musulmi ne, ɗan malami ne a Zariya. Kin sha abin da kika sha: wata huɗu Baba Dalyop bai amsa miki ba, dattijan coci suka yi ta zarya a gidanku, kika rame har rigar aikinki ta yi miki yawa. Ba ki janye ko kalma ɗaya ba. A ƙarshe ya ce Haggai ya je ya dubo masa wannan mutum. Ni fa? Ni da na ga abin da kika yi da idona?

A wurinmu ɗa ba ya tunkarar mahaifinsa da maganar mace, sai ya bi ta wajen ƙanin uba. Saboda haka na rubuta wa Baffa Maje, ƙanin mahaifina, na ce na samu wadda nake so, ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Jos ce, mai tarbiyya. Da na zo wajen suna sai alƙalamin ya tsaya. Na ga zauren mahaifina, na ga ɗalibansa a kan buzu, na ji yadda sunanki zai faɗo a tsakiyarsu, da tambayar da za ta biyo bayansa. Sai na tuna wata rana a lambun shaƙatawa da na kira ki Jamilatu cikin wasa, na ce ma'anarsa kyakkyawa, kika harare ni kika ce babanki ya riga ya yi wannan aikin tun kina kwana bakwai. Wannan sunan da kika ƙi, shi na rubuta. Ban ce ke Musulma ce ba, ban ce ba Musulma ba ce. Na bar sunan ya yi mini ƙaryar, ni kuma na wanke hannuna.

Har dalili na samo wa kaina! Na ce ai mu Hausawa muna ɓoye sunan wanda muke ji da shi. Innata ba ta taɓa kiran sunana ba tun da ta haife ni, saboda ni ne ɗanta na fari, sai dai ta ce "wancan" ko "mai gilashi". Na ce irin wannan kunyar ce ta kama ni. Ƙarya nake yi. Inna ta ɓoye sunana, amma ba ta taɓa ba ni wani uban ko wani addinin a gaban mutane ba. Kuma na sani sarai, kamar yadda kika sani, lokacin da ake sake wa mace irinki suna a gidajenmu: sai ranar da ta bar addinin iyayenta. Da kalma ɗaya na musuluntar da ke a takarda, kina can kina juya marasa lafiya ba ki san abin da ake ciki ba.

Sai waccan ranar Asabar ta zo, ranar da Haggai zai zo ya dubo ni. Allah Sarki, yadda kika shirya mata! Kin zo ɗakina tun hantsi da jaka biyu, kin dafa gwate da tsakin masara tunda acca ta gagara a Landan, kin gyara mini wuyan riga, kin ce in Haggai ya tayar da gardama in bar shi ya ci. Ban bar shi ba. Ko cokali uku bai kai ba ya ajiye ya ce, "Brother Zailani, ka daina dodging. Shekara uku kana wannan research. Shi ne ko ba shi ba ne?" Ni kuma na gyara zama, na jawo katunana da nake rubuta bincikena a kai, na shiga jero masa sarki da shekaru da almajirai biyar. Na ce masa malami na gaske ba ya cewa "shi ne" sai ya ga hujja da idonsa, ko da za a yanka shi. Na ga kina murmushi a gefe. Ina jin a lokacin kin yi alfahari da ni, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo yanzu.

Muna cikin haka aka buga ƙofa. Baffa Maje ne, ba waya, ba wasiƙa. Tun da kwangilar siminti ta buɗe masa, Landan ta zama masa kamar Kaduna. Ya shigo da babbar riga da ƙamshin turare, direban tasi yana biye da shi da ledoji. Kika tashi kika durƙusa har ƙasa kika gaishe shi da Hausarki mai daɗi. Ya dube ki, ya washe baki, ya dube ni ya ce, "A'a! To, to, to. Wannan ce Jamilatun tamu?"

Na ce, "E, Baffa, ita ce."

Chundung, ban yi tari ba, ban nemi katuna ba, ban ce a ba ni shekara uku ba. Ni da na gama cika baki cewa ko za a yanka ni! Kina durƙushe kika ɗago kika dube ni, kallo ɗaya, sannan kika mayar da kai. Baffa bai lura ba. Ya kwance ƙullin da Inna ta aiko wa surukarta, yana nunawa ɗaya bayan ɗaya: turmin atamfa, kwalbar turare, mayafi, sai darduma koriya da carbi a naɗe a cikinta. Haggai ya yi fari fat, ya buɗe baki, kika taɓa masa gwiwa ya yi shiru. Kika sa hannu biyu kika karɓa, kika ce a gode wa Inna, Allah ya saka da alheri. Kin rufa mini asiri a gaban Baffana a daidai lokacin da na tona naki a gaban yayanki. Da ƙasa ta tsage a ranar da na shige ban waiwayo ba.

Da kuka fita na biyo ku ƙasa, sai na tarar kin ajiye ƙullin a kan matakalar ƙarshe, a gyare, ba jifa kika yi da shi ba. Ba ki ɗaga murya ba. Kin ce, "Shekara uku kana cewa ba ka sure ko shi ne. Ni minti ɗaya ya ishe ka. Sunana Chundung ne, Zailani. Ka kai wa Jamilatu kayanta." Kalmomin nan suna bina duk inda na je. Ina alwala ina jin su, ina tsallaka titi ina jin su, jiya saura kaɗan bas ta kwashe ni a kansu.

Washegari na je wajen Malam Zelig kamar yadda na saba, amma ban iya karanta layi ɗaya ba. Ya cire gilashinsa ya tambaye ni wa ya mutu. Na gaya masa komai. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya tashi da kyar ya sauko da wani tsohon bugu na littafin da muke karantawa, ya buɗe wani shafi ya sa yatsa. A tsakiyar rubutun akwai fili fari, kamar gurbin haƙorin da aka cire. Na san wurin, na sha ganinsa: nan ne aka goge labarin Yeshu. Wani lokaci masu binciken hukuma ne suka goge, wani lokaci Yahudawan da kansu suka cire kafin a zo, wani wurin kuma aka sa wata kalma a madadin sunan. Tsohon ya ce, "Waɗanda suka yi wannan, wuta suke gudu. Suna da 'ya'ya a gida. Duk da haka har yau muna jin kunyar shafin. Kai wace wuta ka guda?" Babu mai ƙona ni, Chundung. Ɓacin ran tsoho ɗaya na guda, da gulmar mata a gidan suna.

Abin da ya ƙara dagula ni, shekara uku ina zagin masu gogewar nan a raina. Su ne suka sa aikina ya yi wuya. Saboda su, yau in mutum ya ga sunan ba ya sanin ko tun asali yana wurin, in bai gan shi ba kuma ba ya sanin ko cire shi aka yi. Sun rikita na baya, sun bar mu muna faɗa a kan gurbi. Ashe ni ma ɗan gidansu ne! Da maganar ta tafi yadda na shirya, da wata rana jikokinmu za su ga Jamilatu a wasiƙun Zariya, su ga Chundung a wasiƙun Riyom, su zauna suna gardama ko mace ɗaya ce ko biyu.

Daga shagon tsohon ban koma gida ba. Na wuce otal ɗin da Baffa ya sauka, na same shi a tsakiyar akwatuna yana gwada agogo. Na durƙusa na ce na yi masa ƙarya. Na faɗi sunanki, na faɗi na mahaifinki, na ce Kirista ce, dattijon coci ne ya haife ta, ba ta ce za ta canja ba, ni kuma ban nema ba kuma ba zan nema ba. Ya ajiye agogon. Sannan ya ce ba addininki ne ya ƙona masa rai ba, shari'a ba ta hana ba kuma mahaifina ya fi kowa sani. Abin da ya ƙona masa rai shi ne na sa shi, da furfurarsa, ya miƙa wa 'yar mutane darduma a gaban ɗan'uwanta. Ya ce yarinyar ta fi ni mutunci. Ya ce shi ba zai ɗauki sunan ya kai zaure ba, an gama aikensa da ƙarya sau ɗaya. Abin da zai gaya wa yayansa kawai shi ne ɗanka ya yi mana ƙarya a kan wadda yake nema.

Amsar ta iso ranar Juma'a. Rabin takarda ce, da ajamin mahaifina, babu gaisuwa. Ya ce abin da na kasa rubutawa in zo in faɗa da bakina, a zaure, a gabansa. Na san abin da wannan yake nufi. Malam mahaifina ba ya ihu. Yana iya saurarena har ƙarshe, ya juya ya ci gaba da karantar da ɗalibansa kamar ban shigo ba, kuma ya yi shekara goma a haka. Yana iya hana ni littattafansa da ya ce ni zan gada, yana iya riƙe albarkarsa. Ina tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma na sayi tikiti, jirgina zai tashi ranar Asabar da rana, kuma na gaya wa malamin jami'a cewa babin ƙarshe na bincikena zai jira.

Babin ma na san abin da zan rubuta a cikinsa yanzu, ki gaya wa Haggai tunda shi ya tambaya. A ganina wasu wuraren shi ake nufi, amma waɗanda suka rubuta ba su gan shi ba, sun zo bayansa da ɗaruruwan shekaru, labarin Kirista suka ji suke mayar da martani cikin fushi. Wasu wuraren kuma wasu mutane ne dabam, daga baya aka liƙa musu sunan. Wannan amsa ba za ta yi wa Haggai daɗi ba, domin ba shaidar da yake nema ba ce. Ba za ta yi wa abokaina na masallaci daɗi ba, ba kuma za ta yi wa Malam Zelig ba. Na daɗe da saninta. Na ɓoye ta a bayan "ban tabbata ba" don kada kowa ya ɓata rai da ni. Ke kika gane wannan halin nawa a kan matakala, kafin ni in gane shi.

Ya abar ƙaunata, ya wadda muryarta ta tashe ni daga zazzaɓi! Me zan yi da Landan in babu ke? Me zan yi da Zariya, da digiri, da harsuna huɗu, in harshen da ke bakina ya kasa faɗin suna ɗaya? Ina kewar dariyarki da take farawa daga hanci. Ina kewar yadda kike duba agogon ƙirjinki in na cika surutu. Ina kewar waƙoƙin cocinku da kike rerawa ƙasa-ƙasa kina wanke kofi, waɗanda nake yi kamar ban ji ba alhali na haddace su. Ban taɓa son ki don ki zama wata ba. Da kin zama Jamilatu da gaske, da na rasa matar da na so. Kaicona da na gane wannan a makare!

Ga roƙona. Ba yafiya nake nema a wannan takarda ba, ban kai nan ba tukuna. Ba kuma cewa nake yi ki ba ni alkawarin aure ba. Izini nake nema. Na taɓa ɗaukar sunanki na yi abin da na ga dama da shi ba ki sani ba, ba zan sake ba, ko da don in gyara ne. In na zauna a gaban mahaifina, akwai magana biyu da zan iya faɗa. Ta farko: Malam, wadda nake nema sunanta Chundung 'yar Dalyop, Kirista ce, haka za ta zauna, ina roƙo a tura manya Riyom. Ta biyu: Malam, na yi ƙarya a kan wata baiwar Allah da ta fi ƙarfina, kuma na rasa ta. Ta biyun ba ta bukatar suna, zan bar miki sunanki a hannunki. Ko wacce kika zaɓa, zan tafi, zan durƙusa, zan faɗa. Amma ta farkon ba ni da ikon furta ta sai kin ce in furta.

Ranar Alhamis kina tashi aiki ƙarfe huɗu. Zan tsaya a tsallaken titi, gefen mai sayar da jarida, ba zan tare miki hanya ba, ba zan kira ki ba. In kin ga dama ki tsallako ki ce mini "faɗa", kalma ɗaya, ki wuce abinki. In kin fito kin bi hanyar tasha ba ki tsallako ba, na ji amsa, kuma ba za ki sake jin muryata a wayar gidanku ba. In ma ba kya son ganina, ki aiko Haggai, zan karɓa daga bakinsa ko da zagi ya haɗa.

Abu ɗaya dai ba ya cikin zaɓin, domin ba a hannunki yake ba, ba a hannun Malam yake ba, ni kaina ya fi ƙarfina. Ko kin tsallako ko ba ki tsallako ba, babu wata mace da za a kai wa gaisuwa da sunana. In an tambaye ni dalili ina tsoho, zan ce na taɓa samun wadda ta faɗi sunana a gaban mahaifinta ba ta ji tsoro ba, ni kuma na kasa yi mata haka a kan lokaci.

Naki, yau da gobe da ranar da za a tashe mu, kowa a kira shi da sunan da ubansa ya raɗa masa,

Zailani ɗan Malam Almu